Yadda Za Ka Kawo Rahoton Gobara Ba Ka Tashi Daga Kan Fufu Ba

Idan kai ɗan jarida ne a ƙaramar tashar rediyo, kuma ka gaji da kutsa laka da babur don ka je ka gano abin da za ka iya faɗa daga zaune, to gyara zama. Wannan hanya an gwada ta, ta yi aiki. Ina ba ka tabbaci, in ka bi ta daki-daki, kafin rana ta take gari duka zai san sunanka, sauran tashoshi su kwashi labarinka, takalminka kuma yana nan fes yadda ka goge shi da safe.

Ba ni na ƙago ta ba. Dukanmu a ɗakin labarai muna ɗan taɓawa, kowa daidai ƙarfin halinsa. Amma wanda ya kai ta maƙura shi ne abokin aikina Kwaku Ntiamoa, wakilinmu na karkara, mutum mai murya mai sa a ajiye cokali a saurara, da ƙafafu masu tsananin son hutu. Da shi za mu yi karatu.

Mataki na 1: Karɓi aikin da fuskar jarumi

Kada ka taɓa nuna ƙyuya a gaban edita. Ƙyuya a bayan gidan mai ake yin ta.

Ran wata Talata, ranar kasuwa, a tsakiyar kakar koko, wato 'ya'yan itacen nan da ake yin cakulan da su, wani ya bugo waya tasharmu ya ce ya hango hayaƙi a kan iyakar Dabaase da Ntonkrom. Waɗannan ƙauyuka biyu sun daɗe suna harara a kan wani yankin gona da ke bakin rafi, har ta kai in ɗan wannan ya yi atishawa ɗan wancan ya ce da shi ake. Editarmu Anti Serwaa ta miƙa wa Kwaku makullin babur ɗin tasha.

"Kwaku, ka je ka gano mana da idonka. Da idonka na ce."

"Anti, ko wutar ta kai sama sai na shiga. Ki dai bar mini layi a buɗe."

Lura da abin da ya yi. Ya saka rigar nan mai aljihu barkatai, ya rataya katin aiki, ya tayar da babur da ƙarar da mai gadin maƙwabta ma sai da ya leƙo. Ya miƙe hanyar Dabaase har ya wuce inda ake hangensa daga tagar Anti. Daga nan ya karya kwana ta bayan gidan mai, ya kashe injin, ya gangara shiru zuwa rumfar abincin Anti Pokuwa.

Mataki na 2: Zaɓi wurin da hayaniyarsa za ta yi maka aiki

Sababbin shiga sukan ɓuya a ɗaki. Kuskure ne babba. Ɗaki shiru gare shi, mai sauraro kuwa ba ya yarda da bala'in da ba shi da ƙara.

Dubi abin da rumfar Anti Pokuwa ke bayarwa kyauta. Akwai taɓarya tana sauka a turmin fufu, wadda a waya ba ta da maraba da ana fasa ƙofa. Akwai ɗanyen itace a murhu, hayaƙinsa zai ba ka tari na gaskiya da hawaye na gaskiya. Akwai akuyar miyar gobe a ɗaure tana kuka. Akwai ita kanta Anti Pokuwa, wadda ba ta iya cewa a miƙo mata ludayi sai unguwa ta ji.

Na san wannan duka ne domin ina wurin. A safiyar ni ma ina kawo rahoto daga kotun majistare, a teburin kusurwa.

Kwaku ya wanke hannu, ya ce a zuba masa fufu da naman akuya. Ka tuna, da hannun hagu ake riƙe waya. Na dama yana da nasa aikin.

Mataki na 3: Fara da gaskiya, ka zuba ta da yawa

Ga sirrin da ba a koyarwa a makaranta. Labarin da ba ka gani ba yana buƙatar gaskiya fiye da wanda ka gani. Ka cika shi da abubuwan da kowa ya san haka suke, sai ka sako naka a tsakiya.

A nan Kwaku ya fi mu duka, don a Dabaase aka binne cibiyarsa. Mahaifiyarsa ma, Maame Dufie, tana can. Ya yi lissafinsa: Talata da safe tana gona, nesa da gari, babu abin da zai dame ta.

Mai gabatar da shirin safe, Wofa Adusei, ya ɗauko shi kai tsaye.

"Kwaku Ntiamoa, ɗan'uwana, kana ina?"

"Wofa, ga ni tsaye daidai famfon burtsatse, tsakanin coci da tsohon rimin nan da tsawa ta tsage. Hayaƙi, Wofa." Ya yi tari mai kyau. "Hayaƙi ya turnuƙe ta ɓangaren rafi."

Famfo yana nan. Coci yana nan. Rimi ma tsawa ta tsage shi, kowa ya sani. Saura kaɗan ke nan a yarda da sauran.

"Gona ce ke ci ko gidaje?"

"Wofa, a halin da ake ciki ba za a iya cewa gidaje sun tsira ba."

Ka haddace wannan jimla. Ba ta ce komai ba, ta kuma faɗi komai. 'Yan'uwanta su ne "rahotanni na nuni da cewa", da "ana fargabar", da "wata majiya da ta nemi a sakaya sunanta". Majiyar da ta nemi a sakaya sunanta ba ta taɓa ƙaryata kowa ba.

"Wannan ƙarar da nake ji fa?"

Kwaku ya dubi mai daka. "Wofa, ban so in faɗi abin da ban tabbatar ba."

Wofa Adusei ya tabbatar masa da kansa. Ya ja numfashi a makirfo ya ce, "Jama'a, kun dai ji da kunnenku."

Mataki na 4: San wanda ya sayi janareta

Kowane labari yana da ɓangare biyu, kuma aikinmu ne mu ji duka. Amma kafin ka yanke wanda ya kunna wuta da wanda aka kunna wa, tsaya ka tuna ɗan wane gari ne mai tasha. Namu ɗan Dabaase ne. Ba wanda ya taɓa ce mana mu karkata, Allah ya sani. Mu ne dai muke da saurin fahimta.

Don haka "wasu matasa da ake zargin sun fito daga Ntonkrom" suka shigo labarin.

Sai adalci. Nemo lambar sarkin ɗaya ɓangaren, ka buga, ka bari ta fara shiga, ka katse. Yanzu kana da haƙƙin cewa duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura. Ka yi ƙoƙari, turar ma kai ka yi ta, ba ka yi wa kowa ƙarya ba.

Mataki na 5: Samo ganau

Ganau nagari ba sai ya ga komai ba. Ya dai kasance yana da ra'ayi da murya mai rawa.

Agya Kusi mai sayar da tikitin caca yana benci na gaba yana siɗe ƙashi. Rabonsa da Dabaase tun jana'izar surukarsa. Kwaku ya kara masa waya a baki ya ɗaga masa gira.

"Agya, faɗa wa masu sauraro abin da ka gani."

"Ni dai tun ina yaro na san mutanen Ntonkrom," in ji Agya Kusi. "Abin da suka yi yau bai ba ni mamaki ba."

"Me suka yi, Agya?"

"Ai kai ma ka faɗa."

Ka ga aiki. Kwaku ya dogara da ganau, ganau ya dogara da Kwaku, labari ya tsaya da ƙafa biyu.

Daga nan ba ka da sauran wahala. Wata tasha ta ɗauka ta ce gidaje sun ƙone. Wata ta ce har da coci. Kwaku ya saurare su a rediyon rumfa, ya koma layi ya ce wasu kafofi ma sun tabbatar. Sai ga hoto yana yawo a wayoyi, gidaje na ci da wuta, mutane tsaye da manyan rigunan sanyi irin waɗanda ba a taɓa sakawa a ƙasar nan ba. Babu wanda ya dubi rigunan. Ni ma na tura wa matata.

Kafin hantsi ya gama ɗagawa an sallami 'yan makaranta. A kasuwa, wasu samari sun kifar da kwandunan tumatir na matan Ntonkrom, suka kora su har bakin tashar mota. Wannan da idona na hango daga rumfar, kuma shi kaɗai ne abin da aka gani da ido a ranar. Bai shiga labarai ba, don ba mu da wakili a wurin.

Mataki na 6: Kada ka saya wa uwarka rediyo

Da na sa wannan a farko, sai dai ba wanda ke yarda da shi sai ya gani.

Kwaku ya yi gaskiya, Maame Dufie tana gona. Abin da ya manta shi ne 'yar rediyon da ya saya mata bara, wadda take ratayawa a reshen koko kullum safiya, ta ce wa matan da suke aiki tare su yi shiru, ɗanta zai yi magana. Daga gonar ba a hangen gari. Abin da suka ji kawai shi ne muryar Kwaku yana tari yana kiran sunan famfonsu da riminsu.

Ba wadda ta ce a je a duba. Wa zai duba abin da ɗan Maame Dufie ya gani da idonsa? Suka zubar da adduna, suka bi ta bayan gonaki zuwa babban titi, ita da gwiwarta mai ciwo, har suka sami motar katako ta kwaso su zuwa garin da tasharmu take. Ta je tasharmu, mai gadi ya ce mata ɗanta yana bakin daga. Ta juyo tana tafe tana share ido da bakin zane, ƙishi ya kawo ta rumfar Anti Pokuwa neman ruwa.

Kwaku yana kan kwano na biyu, waya a kunne, yana cewa, "Wofa, zafin wutar har nan inda nake," sai ya ɗaga kai ya gan ta.

Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Rediyon na hannunta, a kunne, muryarsa na fita daga ciki tana bin ta bakinsa a baya kaɗan.

Mai daka ta tsaya. Ni na sunkuyar da kai ina nazarin shari'ata a cikin miya.

Maame Dufie ta ajiye rediyon a benci, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta hagu ta juya ta dama, ta shafa hannuwansa tana neman ƙuna.

"Ka fito," ta ce. "Na gode wa Allah, ka fito. Dubi idonka yadda hayaƙi ya yi masa ja."

"Maame..."

"Ci abincinka, ci. Tun safe kana cikin wuta. Ta ina ka biyo har ka riga mu?" Ta juya wajen Anti Pokuwa. "'Yar'uwa, ƙara masa nama. Ba ki san abin da yaron nan ya gani yau ba."

Anti Pokuwa ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa wa tsohuwar. Sai ta ɗauke kwanon Kwaku daga gabansa da sauran fufu a ciki.

Wofa Adusei yana ta kira a waya, "Kwaku, kana ji na? Jama'a, layin wakilinmu ya katse, mu sa shi a addu'a."

Maame Dufie ta sha ruwa, ta zauna a gefensa, ta rage murya.

"Kwaku, gaya mini, zan iya ɗauka. Ɗakina ya tafi? Kokona yana kan shanya a tsakar gida. Na bana ke nan duka."

A nan gwanaye sukan ce ba za a iya tabbatarwa ba tukuna. Jimlar tana bakin Kwaku, na ga leɓensa ya motsa. Sai ya dubi ƙafarta marar takalmi, ya kashe wayar, ya miƙe.

"Taso, Maame. Mu je mu gani."

Mataki na 7: In ta kama dole ka faɗi gaskiya, kada ka sa rai za a yarda

Ya ɗora ta a bayan babur. Hadari ya riga ya haɗu, ruwa ya tare su a hanya, irin mai sauka kamar da bokiti. Suka isa Dabaase jiƙe sharkaf.

Famfo yana nan. Coci yana nan, fentinsa ko tabo babu. Ƙofofi a buɗe, gari wayam, sai 'yan tsofaffin da ba su iya gudu ba da awaki suna shiga ɗakunan mutane. A bakin rafi ya tarar da tushen hayaƙin: wasu mata ne, na Dabaase da na Ntonkrom a haɗe, suka tara ɓawon koko suna ƙonawa don tokar sabulun salo, kamar kowace shekara. Suna fake a ƙarƙashin bukka, ba su da rediyo, ba su san an yi yaƙi ba. Ɗaya ta tambaye shi ko yana son sabulu.

Kokon Maame Dufie kuwa babu wanda ya tsaya ya rufe shi. Ruwa ya share rabi daga kan tabarmar shanya ya zuba a laka, sauran ya sha ya kumbura.

Ta zagaya gidan tana dafa bango. Ta leƙa ɗaki, ta fito. Ta daɗe tsaye a kan kokon, ruwa na zuba daga ɗankwalinta.

"Kwaku, da wane ido ka ga wutar?"

Kwaku ya laluba aljihu. Ya kunna waya ya kira tasha, ya ce a sa shi a layi. Muryar nan mai sa a ajiye cokali ta ƙi fitowa, sai wata siririya. Ya ce yana Dabaase, yanzu ya iso, ɗazu ba ya nan. Ya ce babu gidan da ya ƙone, babu ɗan Ntonkrom da ya taɓa kowa, toka ake yi ta sabulu.

Aka buɗe layin masu sauraro. Na farko ya ce, "Wofa, a tambayi yaron nan me sarkin Ntonkrom ya ba shi." Na biyu ya ce shi da idonsa ya ga hoto. Wata mata ta ce da safe muryarsa ta fi kama da ta mai gaskiya, yanzu kuwa ji yadda take rawa. Agya Kusi ma ya bugo ya ce shi ganau ne, ba za a mayar da shi maƙaryaci da girmansa ba.

Anti Serwaa ta warware matsalar yadda muka saba. Labaran yamma suka ce hankali ya kwanta a Dabaase bayan da tasharmu ta ankarar da hukuma a kan lokaci. Ta yi wa Kwaku wankin babban bargo a ofis da ƙofa a rufe, ta karɓe makullin babur, amma ba ta kore shi ba, don ba a taɓa sauraronmu kamar ranar ba. Matan tumatir ba wanda ya nemi jin ta bakinsu.

Kwaku ya ɗauki hutu ya zauna a Dabaase. Rana ta ƙi fitowa sosai a kwanakin, kokon ya yi funfuna. Shi da tsohuwar suka zauna a tabarma suna tsince mai kyau daga ruɓaɓɓe, ƙwaya ƙwaya. Matan da suka gudu tare da ita suka riƙa wucewa suna gaisuwa mai ƙaya: "Maame, ina ɗan namu mai ido? A yi shiru, zai yi magana." Ita kuwa sai ta ce, "Ruɗa shi aka yi. Ku wuce, aiki muke." Ta san ba ruɗa shi aka yi ba, shi ma ya san ta sani. Ba ta sake tayar da zancen ba, shi kuma da ma ta zage shi ya huta.

Da ya koma bakin aiki, sai ya zama mai wahalar sha'ani. A aike shi wuri, sai ya je. Da motar haya, da ƙafa, ya dawo da laka har gwiwa da labari marar daɗin ji, wai an yi taro an watse lafiya. Masu sauraro sun ce ya lalace. Rumfar Anti Pokuwa ta zama tamu mu kaɗai.

Wata safiya da ba shi da aiki ya kai wa tsohuwar magani har gona. Ya tarar da rediyon a rataye a reshe, ana maimaita wani rahotonsa, amma an rage murya can ƙasa, sai gunaguni kawai ke fita.

"Maame, batir ne ya mutu? Bari in ƙara miki."

"Bar shi haka," ta ce, ba ta ɗago daga ɓare koko ba. "Muryar nake so in ji, in san ka tashi lafiya. Labarin kuwa, in na koma gida zan gani."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan amfani da ita, walau kifewar tumatir, ko ruɓewar koko, ko ɓacewar takalmin tsohuwa. Wanda ya bi matakan nan aka kore shi, laifinsa ne. Wanda aka ƙara wa girma, shi ma laifinsa ne. Wanda uwarsa ta rage masa murya ya ji da kansa, kada ya zo wurina. Mai ƙorafi ya same ni a ofis. In aka ce na tafi kotu, ya dawo gobe.